Teta Safete, Ta Farko a Tudun Ƙetare

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha tara ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Safete Roshi a gidanta da ke Lenaj, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun ƙarshen bazara. Ta haura shekara saba'in. Ta bar 'ya ɗaya, Ornela, da jikoki a Italiya, da ɗaki cike da duwatsu waɗanda har yau ba a san mai gadonsu ba. Duk garin Teta muke ce mata, wato gwaggo a harshenmu, har waɗanda suka girme ta, har waɗanda ke kiranta Uwar Tsakuwa idan ta ba da baya.

Teta, na san da kina nan da kin fizge takardar nan kin ce in rage surutu. Ki yi haƙuri. Na gaji, tafin hannuna duk bororo ne, alƙalamin ma da ƙyar nake riƙe shi. Amma na ji abin da aka faɗa a kanki a zaman makoki, cewa ke mai kirki ce, mai son jama'a, irin maganar da ake yi wa kowace gawa. Babu wanda ya ambaci kogi. Ni kuwa kabarin mahaifiyata Lirije yana layin ƙarshe na maƙabartar Lenaj, ta gefen da kogin Dushna ke cin gaɓa kowace shekara, kuma a garin nan ke kaɗai kika ɗauki wannan a matsayin damuwarki. Saboda haka ni zan ambaci kogin.

Na san ki tun ina ƙarami kamar yadda kowa ya san ki: baƙuwar da marigayi Bashkim Roshi ya auro daga birnin Elbasan, injiniyar da ta yi rabin rayuwarta a ramukan ma'adinai na arewa tana gaya wa maza inda za su haƙa. Magana ba ta haɗa mu ba sai ranar da kika turo baro mai sacacciyar taya zuwa rumfar facina a mararraba. Lokacin na bar makaranta ban gama ba, ina faci, ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna har takardar da aka ƙunso ƙusa a ciki, ina kuma jin haushin duniya baki ɗaya. Baron nan cike yake da tsakuwa.

"Teta, tsakuwar garin ta ƙare ne kike saro ta daga nesa?" na ce. "Ko miya za a yi?"

Kika ɗauki ɗaya mai santsi kamar ƙwai kika miƙo mini. "Kai mai baki, wannan daga ina take?"

"Daga kogi mana. Ko akuya ta san wannan."

"To a kafaɗar Baƙin Dutse na tsince ta, can inda akuyar taka ke tsayawa ta yi haki. Wa ya kai ta can?"

Na ce ruwan Annabi Nuhu. Kika ce in gama facin in zo gida in ɗauki littafi, kuma in wanke hannu kafin in taɓa shi.

Littattafanki na sha wuyarsu, rabinsu ban gane ba sai da kika ja ni muka hau dutse. A can kika nuna mini abin da aka haife ni a cikinsa ban taɓa gani ba. Ƙasan kwarin nan namu ba a daidai take ba. Ɓangaren gabas yana ɗagowa tare da Baƙin Dutse, ɓangarenmu na yamma kuma yana nutsewa a kan wata doguwar tsaga da ta bi ta ƙarƙashin gonakinmu. Kika ce saurin abin bai kai na tsiron farce ba, sai ranar da ƙasa ta girgiza, fitila ta yi lilo a rufi, kofuna suka faɗo daga kanta, ranar ce ƙasa ke biyan abin da ta tara. Kika nuna mini tuddan ƙetaren kogi, masu shimfiɗaɗɗen kai, hawa-hawa kamar matakala, kika ce kowanne tsohon makwancin Dushna ne da ya bari ya zamo ƙasa ta wajenmu. Kika sa na lura cewa rafukan gabas dogaye ne, suna tafe suna lanƙwasa, namu kuwa gajeru, faɗowa kawai suke yi. Har Ƙofar Iska kika kai ni, wagegen gibin nan na kan dutse da makiyaya ke bi, inda babu ko ɗigon ruwa amma ƙasan duk tsakuwar kogi ce. Kika ce wani kogi ne ya taɓa ratsa nan zuwa ɗaya kwarin, dutsen ya ɗago ya fi ƙarfinsa, Dushna ya kwashe ruwansa.

Ranar na sauko ina juya maganarki a raina. Tun muna yara ake gaya mana cewa kogi yawo yake yi, kuma komai daɗewa zai koma makwancin kakanni, wancan busasshen kwazazzabon da ke gindin tuddan gabas. Akwai gidajen da har yau suke faɗa kan iyakar gona a cikinsa saboda ranar da ruwa zai dawo. Shi ya sa duk kaka, idan an gama girbin masara, ake kiran gayya. Maza su sari rassan itacen bakin rafi, su saƙa manyan kwanduna, a cika su da duwatsu, a jera a cikin ruwa don a nuna wa Dushna hanyar gida. Hunturu ya zo ya kwashe. Wata kakar a sake. Mahaifina Hekuran shi ke jagorantar aikin tun kafin a haife ni, ciwon bayansa ma a nan ya samo shi.

Shekarar da ruwa ya cinye gonar waken Liman Sabri, kika shiga shagon gahawa, inda mace ba ta shiga sai in ta zo kiran miji. Kika ɗauki tiren mai shago, kika zuba ruwa a ciki, kika sa ɗan yatsa a ƙarƙashin gefe ɗaya. Ruwan ya gangara ya taru a ɗaya gefen.

"Ga Dushna," kika ce. "Ga mu nan inda ya taru. Ku tura shi da cokali in gani."

Mahaifina ya ce, "To injiniya, ai da sauƙi. Sai mu samo guntun katako mu soka a ƙarƙashin kwarin, kamar teburin nan mai gurguwar ƙafa."

Aka kwashe da dariya. Wani daga lungu ya ce, "Yaushe zai iso maƙabartar? Faɗi shekara mu ji."

"Ban sani ba. Dutsen a hankali yake tafiya, ruwan kuma sai ya samu hunturu mai ƙarfi yake tsalle. Wataƙila jikokinku, wataƙila ku."

"Duk karatun nan, ba ki sani ba?"

Na biyo ki waje raina a ɓace, na ce da kin faɗi kowace shekara, ai tsoro kawai suke buƙata. Kika ce, "Orgest, idan na yi musu ƙarya, dutsen ba zai rufa mini asiri ba." Har yau ina ganin da kin yi ƙaryar. Allah Ya gafarta mini, amma haka nake gani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ki taɓa fashin gayyar nan ba. Duk shekara sai ga ki da faranti na burek, gurasarmu mai cuku, da tulun kindirmo, ki zauna a kan dutse kina kallon maza cikin ruwan sanyi har ƙugu. Na tambaye ki me ya sa kike ciyar da aikin da kika san ba zai tsaya ba. Kika ce kwandunan suna saya mana shekara ɗaya ko biyu, ba abin rainawa ba ne, kuma Hekuran idan yana jin yunwa ba ya jin magana. Kika ba da lambun tuffar mijinki, wanda ke kan tudun ƙetare, can sama inda Dushna ya bari tun kafin a yi mutane a kwarin nan, kika ce kyauta ne ga gari a yi sabuwar maƙabarta. Aka gode miki a masallaci. Aka bar wurin ga ciyawa.

Ke da mahaifiyata ba ku taɓa shiri ba, wannan kowa ya sani. Akuyarmu ce ta tsallake gada ta cinye miki dashen tuffa, kika faɗi magana, ita ma Lirije ba a barinta da bashin magana, daga nan gaisuwarku ba ta wuce ɗaga haɓa ba. Amma da ciwo ya kama ta, ke kika karanta mana takardun likita da babu wanda ya gane su a gidanmu. Ke kika riƙa bin ta Elbasan a motar haya, kina riƙe mata leda idan hanya ta juya mata ciki. Ta taɓa ce mini, "Matar nan hannunta sanyi kamar duwatsunta, amma ita kaɗai ke juya ni ba ta ji mini ciwo ba." Ke kika yi mata wanka ranar da ta cika. Aka sa ta a wurin danginmu, a layin ƙarshe. Na ga kin tsaya kina kallon gaɓa.

A watan Fabrairun da ya wuce aka yi ruwa a kan dusar ƙanƙara. Muka wayi gari Dushna ya tafi da katangar maƙabarta da kusurwar da wasu tsofaffin kaburbura suke, na wani gida da duk zuriyarsu suka ƙaura Girka. Ni da Liman Sabri muka bi yashi da zannuwa muna tsintar abin da ruwa ya bari. Ba zan kwatanta ba. Abin da ya rage tsakanin kabarin uwata da bakin ramin bai fi faɗin darduma ba.

Liman ya faɗa a huɗuba cewa addini ya yarda a ɗauke mamaci idan ruwa zai ci shi. Kowa ya gyaɗa kai. Amma a Lenaj matattu ma unguwa-unguwa suke, kowa kusa da danginsa da maƙwabtansa, yadda suka zauna a duniya. Mutum ɗaya tak aka taɓa binnewa shi kaɗai a bayan gari, wanda ya kashe baƙonsa a zamanin kakanni, har yau ba a kiran sunansa. Saboda haka duk wanda aka fara kaiwa tudun ƙetare, gidansu ne za a riƙa cewa an fitar musu da gawa daga cikin mutane. Na bi gida-gida ina cewa to a kwashe da yawa rana ɗaya. Wannan ya ce sai yayansa ya bugo waya daga Ingila. Wancan ya ce ya yarda, amma a fara haƙa na gidan wane. Manyan mutane masu furfura, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba kamar yara a bakin ɗakin allura.

"Baba, Liman da bakinsa ya ce ya halatta," na ce wa mahaifina.

"Liman ba matarsa ba ce."

"To ka fi so kogi ya kai ta teku?"

"Na fi so in tare kogin. Me Lirije ta yi wa garin nan da za a tsallaka da ita ita kaɗai kamar mai kisan baƙo? So kake mata su riƙa nuna ka da baki a bakin famfo?"

Na faɗa masa abin da ke bakina, shi ma ya faɗa mini nasa. Muka yi watanni muna cin abinci a teburi ɗaya kamar fasinjojin da ba su san juna ba. Ranar da na gaji na zo gidanki aron diga da baro, na ce ni zan yi da kaina, duk wanda ya ga dama ya mutu da baƙin ciki.

"Ajiye digar nan," kika ce. "Uwarka ba kaza ba ce da za ka sace ta ta bayan gida. Da rana za ta ƙaura, da liman, da mijinta a gaba."

"Yaushe? Bayan kifi sun gama gaisawa da ita?"

"Wanke bakinka. Ka ba ni lokaci, ina tunani."

Na ɗauka irin maganar manya ce ta a kwantar da yaro. Ban san kin riga kin ji sakamakon asibiti ba.

Da jiki ya yi nauyi, Ornela ta dawo daga Italiya, kika sa aka kira Liman da Petrit ƙanen mijinki, aka kira ni ni ma, wai don a samu mai bakin da zai yaɗa. Kika ce idan kin cika a kai ki lambun tuffa. Petrit ya share gumi ya ce, "Matar yaya, wurinki yana nan kusa da Bashkim, a layin sama, ruwa ba zai kai can ba ko a zamanin jikoki. Me kika yi da za mu jefar da ke? Me za mu ce wa mutane?"

"Ku ce na gaji da minsharinsa."

"Don Allah ki bar wasa."

"In ya yi kewata ya san hanyar gada. Ni baƙuwa ce, Petrit, ba a haife ni da tsoronku ba. Liman, ka ji dai. Ornela, kin ji."

Suka yi dariyar dole. Ni ban yi ba. Domin ni nake ganinki daga rumfata duk ranar Alhamis kina wucewa da butar ruwa, kina zuwa ki shayar da ɗaɗɗoyar da kika shuka a filin da aka bar miki a maƙabarta kusa da Bashkim. Shekara da shekaru kina gyara wurin nan, kina cire masa ciyawa kamar mai gyaran ɗakin da za ta tare. Shi kika bari.

Ranar Laraba muka ɗauke ki. Zan faɗi gaskiya ko da za a daina kawo mini faci: da makara ta iso gada, kusan rabin masu rakiya suka tsaya. Wasu suka sunkuya ɗaure takalmi, wasu suka tuna da ciwon gwiwa. Mutanen da suka ci burek ɗinki shekara da shekaru, waɗanda kika karanta wa takardun asibiti, waɗanda kika nuna wa inda za su haƙa rijiya. Na san sunan kowannensu. Ba zan rubuta ba saboda ke, amma na sani.

Mahaifina yana cikin masu haƙa, domin a wurinsa haƙa wa maƙwabci kabari ba abin shawara ba ne, ko a ina aka ce. Ƙasar ta ba su wuya. Da suka wuce baƙar ƙasar sama sai diga ta fara tartsatsi, shebur yana fito da tsakuwa mai santsi, fara da toka-toka, irin wadda muke cika kwanduna da ita. Daga inda muke tsaye kogin yana can ƙasa kamar zare. Na ga mahaifina ya ɗauki ɗaya, ya goge ta a wando, ya daɗe yana juya ta. Ya ce, ba da kowa ba, "Wannan ai ta Dushna ce." Ya ci gaba da haƙa.

Muka sa ki, muka dawo muka bar ki ke kaɗai a cikin tuffa. Ban taɓa jin nauyin ƙafa irin na saukowar nan ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an raba halawa, hadari yana haɗuwa a kan Baƙin Dutse, muna tafe gida ni da mahaifina. Sai ya kira sunana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Orgest. Baron matar nan yana nan?"

"Yana nan."

"Ka yi masa iska, ka zuba kayan haƙa." Da muka wuce famfo ya ci gaba. "Uwarka ba ta son matar nan. Mita za ta yi ta yi har tashin ƙiyama. Amma babu ɗan da zai buɗe baki ya ce ita kaɗai ce a can." Ya tsaya ya dafe bayansa. "Ka gaya wa Liman. Da rana, kowa yana gani. Ka bar 'yar tazara tsakaninsu kada su tashi da faɗa. Ɗaya gefen kuma nawa ne, kada ka ba kowa."

Ranar Alhamis muka ɗauke Lirije, cikin sabon likkafani, a kan makara, Liman yana addu'a, mijinta a gaba, rana tsaka. Yadda kika ce. Da yamma ruwa ya sauko, har yanzu bai ɗauke ba.

Kada ki ɗauka garin ya canja, Teta. Ramin da muka bari yana nan, kogin bai ci shi ba tukuna, kuma tuni an fara cewa a shagon gahawa mun yi gaggawa. Gida ɗaya ne kawai suka zo suka tambayi Liman yadda ake yi. An sa ranar gyaran kwanduna idan ruwa ya ja, mahaifina ne zai jagoranta da ciwon bayan nasa, ni ma zan je, domin akwai sauran iyayen mutane a layin nan. Ban san wanda zai kawo burek ba. Na gaji da faɗa, na gaji da bayani, kuma babu wanda zan kai wa littafi in ce ban gane shafin nan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ornela da 'ya'yanta, ga Petrit, wanda duk da ɓacin ransa shi ya fara sa kafaɗa a makara ya tsallaka gada, da dukan gidan Roshi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa abin da ta bari ya zama mai albarka. Ina yi wa Lenaj ta'aziyya, waɗanda suka tsallaka da waɗanda suka tsaya.

Ya Allah, baiwarKa Safete ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi. Ta bar wurin da ta fi so don kada wata ta kwana cikin ruwa, Ka saka mata da gidan da ƙasarsa ba ta motsi. Ka haɗa ta da Bashkim a inda babu kogin da zai shiga tsakani. Ka jiƙan Lirije, Ka jiƙan waɗanda muka tsinta a yashi ba mu san sunayensu ba. Idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Jiya na hau tudun cikin ruwa na kewaye lambun da waya. Ki kwanta lafiya, Teta. Akuyar gidanmu ba za ta ƙara shiga tuffarki ba.

Orgest, ɗan Hekuran da Lirije
Lenaj